Tarihin Ilmin Sanin Ɗan Adam da Rassansa Huɗu

 Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku, don maganar da muka ɗauko yau tana da ɗan tsawo, kuma ta shafi gidan kowa.

Abin da ya jawo ta shi ne, kwanan baya wani almajirinmu, cikin masu zuwa makarantar boko da safe su zo mana da la'asar, ya tsaya bayan an tashi, ya ce, "Malam, wai gaskiya ne an tono ƙasusuwan kakannin mutane a ƙasar Habasha?" Ba a yi mako guda ba sai ga mahaifinsa ya yi mana sallama, ransa a ɓace, ya ce ya ji ana koya wa yaron wai biri ne kakansa, in kuwa haka ne gara ya cire shi ya sa shi kasuwa. Muka ba shi haƙuri, muka ce a dakata tukuna. Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga da uban da ɗan ba wanda ya san ainihin abin da masu wannan ilmi ke faɗi, ji kawai suka yi. Malamanmu kuwa sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo tarihin ilmin nan tun daga tushe, da kyawunsa da muninsa, kowa ya auna da kansa.

Turawa suna kiransa Antaropoloji. Kalmar ta Yunananci ce, ma'anarta magana a kan mutum, mu kuwa sai mu ce ilmin sanin ɗan Adam. Kamar yadda ilmin Larabci ya rabu zuwa nahawu da sarfu da balaga da aruli, haka shi ma aka raba shi reshe huɗu. Na fari yana duban al'adu, watau aure da gado da sarauta da ciniki. Na biyu yana duban harsuna. Na uku yana tonon kufai, don a san zaman mutanen da. Na huɗu yana duban jikin mutum, da ƙasusuwansa, da asalinsa.

MATAFIYA NA FARKO

Tun kafin a raɗa wa ilmin nan suna, akwai masu yawon duniya suna rubuta halayen mutane. Wanda ya fi cancanta mu fara da shi shi ne Abu Raihana Albiruni, wanda aka haifa cikin shekarar 973 a Huwarizma. Ya shiga ƙasar Hindu, ya ɗauki wahalar koyon Sanskirit, harshen litattafansu, ya zauna da malamansu, sa'an nan wajen 1030 ya gama littafinsa a kan addininsu da lissafinsu da al'adunsu. Sharaɗin da ya ɗora wa kansa shi ne ya faɗi abin da mutanen ke cewa yadda suke cewa, ba ragi ba ƙari, ko da shi bai yarda da shi ba.

Ibn Battuta kuma ya sauka ƙasar Mali cikin 1352, zamanin Mansa Sulaimanu. Ya yabi amincin hanyoyinsu da yadda suke cika masallaci ran Jumma'a, amma duk abin da ya saɓa wa na garinsu sai ya kushe, har kyautar saukar baƙo da sarki ya aiko masa ya raina ta. Ga matafiya biyu ke nan, ɗaya ya auna mutane da mudunsu, ɗaya ya auna su da mudun gidansa. Wannan bambanci shi ne ya bi ilmin nan har yau.

Na uku shi ne Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima cikin shekarar 779 ta Hijira, watau 1377. A zamaninsa masu ilmin nasaba suna cewa wai baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Shi kuwa ya rushe wannan magana, ya ce launin fata daga zafin rana da iskar ƙasa yake. Cikin 1615 Ahmadu Baba na Tambutu ya kafa hujja da wannan zance nasa, cikin amsar da ya ba masu tambaya a kan bautar da baƙaƙe. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

ZAMANIN AWON ƘOƘON KAI

Da jiragen ruwan Turai suka kewaye duniya, suka ci ƙasashe, suka yi ta cinikin bayi, sai malamansu suka shiga rarraba 'yan Adam. Wani likitan Jamus, Blumenbach, ya kasa su kashi biyar cikin 1795, ko da yake shi ya tsaya a kan cewa duk iri ɗaya ne. Waɗanda suka biyo bayansa ba su tsaya nan ba. A Amurka wani likita, Samuel Morton, ya tara ɗaruruwan ƙoƙunan kan matattu, yana ɗura musu ƙwayar iri, daga baya ƙananan harsasan dalma, yana aunawa, ya fid da littafi cikin 1839 inda ya jera mutane bisa girman kai, Bature a sama, baƙin mutum a ƙasa. Masu bayi suka karɓi maganar hannu biyu, don ta yi musu daɗi. A Faransa kuma Gobineau ya rubuta littafi tsakanin 1853 da 1855, yana cewa ba a halicci jinsunan mutane daidai ba.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Wata mata daga Afirka ta Kudu, Sara Baartman, an yi ta yawo da ita London da Paris ana biyan kuɗi ana kallon jikinta. Ta rasu cikin 1815, aka ajiye ƙasusuwanta a gidan kayan tarihi, ba a mai da ita gida aka binne ba sai 2002. Dattijon da ya ji ƙyamar wannan ilmi yana da hujja, ba mu musa masa ba.

Amma daga cikin gidan ne aka sami masu gyara. Anténor Firmin, baƙin mutum ɗan ƙasar Haiti, ya shiga ƙungiyar masu wannan ilmi a Paris, ya zauna yana jin abin da suke faɗi a kan irinsa, sa'an nan cikin 1885 ya fid da babban littafi a kan daidaituwar jinsunan mutane, ya bi awonsu ɗaya ɗaya yana nuna raunin hujjarsu. Turawan zamanin suka kau da kai. Bayansa Franz Boas, Bajamushe da ya koma Amurka, ya auna baƙi masu shigowa New York da 'ya'yansu, fiye da mutum 17,000. Cikin 1911 ya nuna cewa siffar kan 'ya'yan da aka haifa a can ta ɗan saɓa da ta iyayensu. Ashe ƙoƙon kan da aka ɗauka hatimi ne marar sakewa, abinci da wurin tashi suna taɓa shi. Boas da almajiransa su ne suka kafa tsarin rassa huɗu da muka ambata, suka kuma koyar da cewa ba a gane al'adar mutane sai an dube ta daga ciki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ga abin da aƙidar fifikon jinsi ta jawo a Jamus, hukumar UNESCO ta tara masana, cikin 1950 suka ba da sanarwa cewa 'yan Adam duka iri ɗaya ne.

RESHEN AL'ADU

Na farkon masu wannan reshe, irin su Tylor wanda ya fid da littafinsa cikin 1871, galibi daga labarun matafiya da 'yan mishan suke tsinta. Malinowski ne ya sake hanya. Tsakanin 1915 da 1918 ya kafa tanti cikin ƙauyen mutanen tsibiran Tarobiriyan, gabas da Niyu Gini, ya koyi harshensu, ya ga yadda suke tafiyar kwanaki cikin kwalekwale don musayar sarƙar wuya da awarwaro na ƙwaryar dodon koɗi. Baƙo zai ce wauta ce, amma shi ya gane cewa da wannan musaya ake ƙulla amana, a inuwarta kuma ake sauran ciniki. Duk wanda ya san matsayin goro wajen neman aure ba zai yi mamaki ba. Tun daga nan ya zama ƙa'ida, sai mutum ya zauna da jama'a shekara ko fiye kafin ya buɗe baki a kansu.

A ƙasar nan ta Gana mun ga amfanin reshen nan, mun kuma ga wanda ya fi cin moriyarsa. Cikin 1900 Gwamna Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Tonawa, bai san cewa a wurinsu ran al'ummarsu ne ke cikinta ba, ko sarki ba ya zama a kanta. Wannan jahilci ya ta da yaƙin Yaa Asantewaa. Cikin 1921, bayan an gano maɓoyar kujerar, waɗansu sun sace kayan adonta, ƙasa ta ɗauki zafi, a shekarar nan ne gwamnati ta naɗa Kyaftin Rattray shugaban sabon ofishin binciken al'adun Asante. Ya bayyana wa manyansa matsayin kujerar, suka janye hannunsu, ba a sake zub da jini ba. Alheri ne, amma kada mu manta albashinsa daga masu mulki yake fitowa, su kuwa suna son sanin mutane ne don mulkin ya yi musu sauƙi.

Shi wannan Rattray, tun cikin 1913 ya fid da littafi juzu'i biyu na tatsuniyoyi da al'adu da karin maganar Hausa. Wanda ya tattara su ya rubuta da ajami kuwa wani malami ne, Malam Shaihu. Rattray ya ambace shi, amma da sunan Rattray duniya ta san littafin. Haka kuma Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya rasu cikin 1934, ya rubuta wa wani ma'aikacin Jamus mai suna Mischlich bayani mai yawa a kan zaman ƙasar Hausa, da sana'o'inta da sarautunta. Wannan shi ne ainihin aikin reshen al'adu, malamin zango ne kuwa ya yi shi.

Daga baya zango kansa ya zama abin bincike. Abner Cohen ya zauna Sabo ta Ibadan, ya rubuta cikin 1969 yadda masu gidaje ke riƙe cinikin goro da shanu da amana kawai. Enid Schildkrout ta zauna zangon Kumasi cikin Mosawa, ta nuna cikin littafinta na 1978 yadda 'ya'yan da aka haifa a zango suka tashi da Hausa a bakinsu, suna jin kansu 'yan zango. 'Yan Afirka ma sun shiga ilmin. Jomo Kenyatta almajirin Malinowski ne, ya rubuta al'adun Kikuyu cikin 1938. Dokta Busia ya sami babban digirinsa a Okusfod cikin 1947, a kan sarautar Asante. Shi ne kuma Firayim Minista sa'ad da aka fid da dokar baƙi cikin Nuwamba 1969, aka ba marasa takarda mako biyu su fita, gidaje da yawa na zango suka watse. Dattawanmu ba su bukatar a tuna musu. Mun kawo shi ne don a san cewa sanin al'adun mutane dabam, yi musu adalci dabam.

RESHEN HARSUNA

Cikin 1786 wani alƙalin Ingila a ƙasar Hindu, William Jones, ya lura cewa Sanskirit da Yunananci da Latin sun yi kama ƙwarai, har ba yadda za a yi sai dai uwa ɗaya ta haife su. Daga nan aka koyi gwada harsuna don a gano danginsu. A Afirka an daɗe ana ɓata wannan aiki da son zuciya. Akwai waɗanda suka sa Fulatanci cikin wani gida da suka kira na Hamu, suna kallon kiwon shanu da hasken fatar masu harshen. Joseph Greenberg, wanda ya fara bincikensa cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya ce a bar kallon mutane a dubi kalmomi. Cikin 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu. Fulatanci ya faɗa gida ɗaya da Yarabanci da Tonanci, Hausa kuwa da danginta na kewayen tafkin Cadi suka faɗa gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da Amharanci da harshen Buzaye da na Misirawan da.

Almajirin da ya karanta sarfu zai iya gwadawa da kansa. Ba zancen kalmomin aro muke yi ba, irin su littafi da alƙali da lahira, waɗanda suka shigo tare da karatu. Ku dubi ƙashin harshen. Mu kan ce gidanka ga namiji, gidanki ga mace, Balarabe ya ce baituka da baituki. Mu kan ce ta zo, shi ma da ta yake nuna mace a farkon aikatau. Mu kan sa ma a gaban kalma don sunan wuri ko na kayan aiki, masauki da mabuɗi, shi kuwa ya ce manzil da miftah. Mu ce mutu, ya ce mata da maut. Wannan bai nuna Hausa daga Larabci ta fito ba. Abin da ya nuna, kakarsu ɗaya ce, tun dubban shekaru kafin a san rubutu.

RESHEN TONON KUFAI

Mai tonon kufai yana karanta ƙasa kamar shafin littafi, abin da ke can ƙasa shi ya riga na bisa. Tun wajen 1949 aka sami hanyar ƙidaya shekaru. Kowane mai rai yana ɗauke da wani irin sinadarin kabon, in ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730. In an auna abin da ya saura cikin gawayi ko ƙashi, sai a san tsufansa, har zuwa wajen shekara 50,000.

Wannan reshe ya ƙwato wa Afirka haƙƙinta sau da yawa. Turawan da suka fara ganin ganuwar dutse ta Zimbabuwe sun ce ba aikin baƙin mutum ba ne, wai na Finikiyawa ne ko na mutanen Bilkisu. Cikin 1929 wata Baturiya, Gertrude Caton-Thompson, ta tona, ta ce duk abin da ta samu ya nuna mutanen ƙasar ne suka gina. A Nok masu haƙar kuza suka fara cin karo da gumakan yumɓu cikin 1928, aka kuma tabbatar sun haura shekara 2,000. A Dufuna, cikin jihar Yobe, wani makiyayi mai haƙa rijiya ya tarad da kwalekwale cikin 1987, mai shekara wajen 8,000. A nan Kintampo an sami kufan manoma na wajen shekara 4,000 da suka wuce, da ragowar wake da kwakwar manja. A Begho kuma, inda masanan jami'ar Legon suka tona cikin shekarun 1970, an ga birnin ciniki mai unguwanni dabam dabam, har da unguwar Musulmi 'yan kasuwa Wangarawa, wadda ake kira Karamo. Watau zaman zango ya daɗe a ƙasar nan tun kafin mulkin Turawa.

RESHEN JIKI DA ASALI

Yanzu mun iso ga tambayar almajirin nan. Cikin 1856 aka tono ƙasusuwan wani irin mutum mai kaurin gira a kwarin Neander na Jamus. Cikin 1859 Darwin ya fid da littafinsa a kan sakewar halittu, cikin 1871 kuma ya yi zaton a Afirka za a sami mafarin mutum. Mutanen Turai ba su so haka ba. Cikin 1912 aka nuna wani ƙoƙon kai da aka ce an tono a Piltdown ta Ingila, aka yi ta murna. Sa'an nan cikin 1924 masu fasa dutse a Taung, Afirka ta Kudu, suka sami ƙoƙon kan wani yaro. Raymond Dart ya ga ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, amma ramin da ƙashin baya ke shiga yana ƙarƙashin kai, alamar mai tafiya a miƙe. Manyan masanan London suka yi masa dariya, don ya saɓa da na Piltdown. Sai cikin 1953 asiri ya tonu: na Piltdown jabu ne, kan mutum aka haɗa da muƙamuƙin wani babban biri na Asiya, aka goge haƙoran, aka rina su. Shekara 41 ana yaudarar masana, amma masanan ne kuma suka kama ƙaryar da awonsu.

Daga nan Afirka ta yi ta ba da shaida. Cikin 1959 Mary Leakey ta sami ƙoƙon kai a kwazazzabon Olduvai na Tanganyika. Tun da awon kabon ba ya kaiwa can, sai aka auna dutsen aman wuta da ke tare da shi, aka sami shekara miliyan 1 da dubu 750. Cikin 1974 a Hadar ta Habasha aka tono wajen kashi 40 cikin 100 na ƙasusuwan wata halitta mace, tsawonta ƙafa 3 da rabi, shekarunta miliyan 3 da dubu 200. Turawa suka sa mata Lucy, Habashawa suka ce Dinkinesh. Ita ce almajirinmu ya ji labari. Cikin 1978 a Laetoli aka ga sawun masu tafiya da ƙafa biyu kwance cikin toka da ta daskare, na shekara miliyan 3 da dubu 600. Cikin 1984 wani ɗan Kenya, Kamoya Kimeu, ya gano ƙasusuwan wani yaro kusa da tafkin Turkana, na wajen shekara miliyan 1 da rabi, dogo, ƙirar jikinsa kusa da tamu. Cikin 2001 wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon da aka sa wa Tumai cikin hamadar Jurab, na wajen shekara miliyan 7, masana kuwa sun yi jayayya a kan ko a miƙe yake tafiya. Cikin 2017 kuma aka ba da sanarwa cewa ƙasusuwan Jabal Irhud na Maroko, masu fuska irin tamu, sun kai wajen shekara 300,000.

Bayan ƙashi sai jini ya ba da tasa shaida. Cikin kowane jiki akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ɗa ke karɓa daga uwa da uba. Cikin 1987 masana uku a Amurka suka gwada na mutum 147 daga sassan duniya, suka bi silsilar uwaye, ta kai su Afirka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa galibin asalin mutanen sauran nahiyoyi daga wata 'yar ƙungiya ce da ta fita Afirka tsakanin shekara 50,000 da 70,000 da suka wuce, suka gamu da mutanen Neander, har suka yi auratayya kaɗan. Svante Pääbo, wanda ya karanta ƙwayoyin gadon mutanen Neander, ya sami lambar Nobel cikin 2022. An kuma ga cewa in ka ɗauki mutum biyu ko daga ina, cikin haruffan gadonsu 1,000 wajen 999 ɗaya ne, bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka su da su kuwa ya fi na kowace nahiya yawa. Launin fata kuma, duhunsa garkuwa ce daga ƙunar rana, haskensa yana taimakon jiki inda rana ta yi ƙaranci. Ashe Ibn Haldun ya kama bakin zaren tun 1377.

INA MUKA TSAYA?

To, ga amsarmu ga mahaifin yaron nan. Masu wannan ilmi ba su ce birin da ke daji yau shi ya haifi mutum ba. Abin da suka ce, mutum da birin da ake kira cimfanzi sun rabu daga tushe ɗaya wajen shekara miliyan 6 ko 7 da suka wuce. Mu kuwa abin da muka karanta gaban malamanmu, muke kuma karantarwa, Annabi Adamu shi ne uban mutane. Malaman Musulmi na wannan zamani sun yi magana a kan yadda za a fuskanci waɗannan biyu. Akwai masu ƙin zancen sakewar halitta gaba ɗaya, akwai masu karɓarsa ga sauran halittu su keɓe Adamu, akwai kuma masu ganin ba karo tsakaninsu. Wannan takarda ba zauren fatawa ba ce, mu ma ba mu kai mu raba gardamar manya ba.

Abu biyu dai muke iya faɗi. Na ɗaya, ƙasusuwan nan suna nan, ana iya zuwa Addis Ababa ko Nairobi inda ake ajiye su. In muka ce wa yaro duk ƙarya ce, ran da ya gani da idonsa mu zai daina gaskatawa, hasarar kuwa ta fi ta cire shi daga makaranta. Gara ya san maganar sosai, ya san inda hujjarta ta yi ƙarfi da inda masu ita ke jayayya, sa'an nan ya zo mu zauna. Na biyu, ilmin da aka fara don a tabbatar da fifikon wani jinsi, da ya bi awonsa da gaskiya, ya dawo yana cewa mutane duka gida ɗaya ne. Wanda aka daɗe ana kira baƙo ya fi kowa bukatar jin wannan.

AIKIN DA YA RAGE MANA

Samari, ƙashi yana iya jiran shekara miliyan cikin ƙasa, amma abin da ke kan dattijo ba ya jira. Kowane tsoho da muka kai makwancinsa, ya tafi da sunayen garuruwan da kakansa ya yada zango, da sunan maigidan da ya sauke shi, da yadda aka sami filin masallacin unguwa. Baƙi sun ƙetaro teku sun rubuta mu, sun kuwa yi ƙoƙari, amma mu da ke cikin gida ba mu bukatar tafinta. Kowa ya sami littafin rubutu, ya je ya durƙusa gaban tsoho ko tsohuwar gidansu. Ku tambayi hanya, da sana'a, da aure, da kalmomin da aka daina faɗi. Ku riƙe sharaɗin Albiruni, ku rubuta yadda aka faɗa muku, ko da bai yi muku daɗi ba. Ku riƙe kuma ladabin masu ruwaya, ku sa sunan wanda ya faɗa, da wanda shi ya ji daga gare shi, da ranar, don kada abin da ya sami Malam Shaihu ya sami kakanninmu.

Iyayenmu dattawa, in yaran nan sun zo, don Allah ku buɗe musu baki. Abin da aka tara a kawo wa magatakardan ƙungiya, a adana kofe biyu a gida biyu.

Shi kuwa almajirin nan, mahaifinsa ya yarda ya bar shi a makaranta zuwa ƙarshen shekara, bisa sharaɗin duk abin da aka koya masa a kan wannan batu ya zo ya maimaita a gabanmu mu uku. Mun karɓi sharaɗin. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu.